Lakar Dakko a Kwatar Badun

Ƙasarsu ja ce. Shi ne abin da na fara gani da na sauko daga mota a Badun, kafin in lura da rufin kwanon da ya yi tsatsa har iyakar ganin ido, kafin hayaniyar tasha ta cika mini kunne. An yi ruwa da safe, ƙasar ta jiƙe ta yi jawur kamar an kwaɓa ta da manja. Na duba bakin hijabina na ga har ta fara kama shi. Na ce a raina, wannan ko yaron goye ya gan ta ya san ba ta gida ba ce. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tun da aka koma makaranta ƙawayena Balkisu da Hauwa'u suka hana ni sakat. Yaya Badun take? Me kika ci? Da gaske ne Yaya Rukayya gawa take yankawa? Ni kuwa kun san ni, da zarar mutum uku sun zuba mini ido sai maganar ta maƙale a wuya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku karanta ku miƙa wa na gaba.

Da farko dai, yayata ba ta yanka gawa. Digiri na biyu take yi a jami'ar Badun, a kimiyyar binciken laifi, wadda suke kira forensik, ita kuma ɓangarenta ƙasa ne. Tana so ta iya duba lakar da ta manne a takalmi ko tayar babur ta faɗi inda aka taka ta. Ta taɓa ce mini, a wajenmu wanda ya ga abu da idonsa tsoron magana yake yi, amma takalmi ba ya tsoron kowa. Mutum yana iya rantsewa bai je wuri ba, alhali takalminsa ya je.

Da za ta tafi, 'yan'uwan Baba ba su so ba. Baba ya tara su a zaure ya ce ya ba ta shekara biyu, ba ƙari, ranar da suka cika za ta dawo gida ko da takarda ko babu. Kowa a unguwarmu ya san Baba ba ya tauna magana biyu. Shekara biyun za su cika ƙarshen shekarar nan.

Bara da ta zo hutu ta ɗebi ƙasa da hannunta a wuri uku: gonar Kawu Lawali, ƙanin Inna, a Dakko ta Bakura, da gonar wani ɗan'uwanmu a Dosara ta Maradun, da fadamar bayan garinmu Talatar Mafara. Ta yi shekara tana nazarinsu. Abin da ya rage mata shi ne gwajin ƙarshe. A kawo mata takalman da aka shiga gonakin nan da su, ba tare da ta san wanne ne na ina ba, ita kuma ta faɗa. In ta dace, aikinta ya tsaya da ƙafarsa.

Ni ta ɗora wa aikin, wai don ni ce nake gane kazar da ta ɓata a gidanmu tun kafin a ƙirga. Takalman roba tara, kowanne hagu da dama. Uku a farkon damina, uku a tsakiya, uku da ruwa ya fara ɗaukewa. A shanya su a inuwa, a sa kowanne a babban ambulan na takarda, ban da leda, a manne baki, a rubuta lamba kawai. Sunan garin yana cikin littafina, ni kaɗai na sani. Na Dosara su suka fi ba ni wahala, don hanyar Maradun ba kullum ake bin ta ba, kun san dalili. Wani sai da na yi mako biyu ina jira kafin mai gonar ya iso da shi ranar kasuwa. Wata huɗu na yi ina gadin takalman nan a ƙarƙashin gado. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Lakar Dakko baƙa ce mai danƙo, in ta bushe sai ta tsattsage. Ta Dosara yashi-yashi ce da 'yan ƙananan tsakuwa masu ƙyalli. Ta fadamarmu toka-toka, da guntayen karan shinkafa a ciki.

Yaya ta ce a ƙa'idar aikinsu wanda ya tara abu shi zai kai shi da hannunsa. Kawu Lawali yana kai albasa kudu, sai Baba ya yarda in bi shi a makon ƙarshe na hutu. Na ɗauki jakar bakko biyu iri ɗaya, ɗaya ta takalma, ɗaya ta tsarabar da Inna ta haɗa wa matar da za mu sauka a gidanta.

Daga Mafara muka yi Sakkwato, a can muka shiga babbar mota. Kwandasta ya so ya jefa bakkon takalma a but, ma'ajiyar kayan mota, tare da buhuna, na rungume ta na sunkuyar da kai. Ya yi magana ya gaji, Kawu ya ce a ƙyale ni. Haka na ɗora ta a cinya har Badun. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, za ta Ilori ganin jikanta, ta yi ta kallon jakar tun daga Jega. Da muka kusa Yawuri ta kasa haƙuri.

"Ɗiyata, kayan lefe na kika riƙe haka?"

"A'a, Inna. Takalma ne."

"Sababbi?"

"Tsofaffi."

Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce Allah shi kyauta. Daga nan ta ɗauka ba ni da cikakkiyar lafiya, ta riƙa tausaya mini. Ta sayi soyayyen kifi a Yawuri ta cire mini ƙaya da hannunta tana ba ni. A Kwantagora muka kwana, don direba ya ce ba ya bin sauran hanyar sai da rana. Da safe ƙafafuna sun kumbura, silifa ta ƙi shiga. Kusa da Makwa taya ta fashe, muka yi awa biyu a gindin wata bishiya, tsohuwar tana ba ni labarin duk surukanta da laifin kowacce.

A Jabba Kawu ya taɓa kafaɗata ya nuna mini ruwan Kwara ta taga. Ya ce, "To Ma'u, in munka haye gadar ga kin bar gida." Ban ga wata iyaka ba, ba ƙofa ba tuta. Amma daga nan masu talla suka daina kiran kaya da Hausa, doya ta maye gurbin gero a bakin hanya, bishiyoyi suka fara haɗe kai.

Bayan gadar da kaɗan aka tsayar da mu a shingen bincike. Wani jami'i ya hau motar da bindiga a kafaɗa, idonsa ya sauka a kan jakata. Ya zuge ta, ya ɗago ambulan ɗaya ya girgiza, ƙasa ta yi ƙara a ciki. Da gurɓatacciyar Hausa ya tambaye mu daga ina muke. Kawu ya ce Zamfara.

"Zamfara, da ƙasa cikin takarda? Zinariya ce."

"Ranka shi daɗe," in ji Kawu, "in da zinariya ta, cikin wagga mota za ka gan mu?"

Mutanen mota suka yi dariya, jami'in bai yi ba. Ya sa yatsa zai yage bakin ambulan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zaro wasiƙar da Yaya ta aiko daga makarantarsu, mai hatimi, na miƙa masa, na ce masa da Turancin aji kada ya buɗe, kayan bincike ne. Ya karanta wasiƙar, ya sake dubana, ya mayar da ambulan yadda yake. Da muka wuce tsohuwa ta ce ashe yarinyar tana da baki. Na ji daɗi a lokacin. Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, don na iya hana mai bindiga, na kasa hana mai buroshin wanki.

Mun isa Badun bayan azahar. Yaya tana da darasi har yamma, aka yi da ita sai washegari da safe. Kawu ya kai ni Sabo, unguwar Hausawa, gidan Hajiya Ige, ya wuce kasuwa wajen kayansa. Waya ɗaya muka zo da ita, tana kuma hannunsa.

Hajiya Ige 'yar Bakura ce kamar Inna, aure ya kai ta Badun shekaru fiye da talatin. Bakinta bai sauya ba ko kaɗan. Gaisuwar da muka yi ta kai rabin awa, don sai da ta tambayi gida-gida, wane na nan, wance ta haihu, tsamiyar bakin kasuwa tana nan ko an sare. Duk wanda na ce ya rasu sai ta goge ido da gefen mayafi. Ta ba ni ruwan zafi na gasa ƙafa. Ta ce gadonta zan hau, ita tabarma ta ishe ta.

Ta kawo mini amala, baƙin tuwon garin doya, da wata koriyar miya mai yauƙi da suke ce wa ewedu. Na yi ta juya cokali ina tsoro, da na ɗanɗana ashe lalo ne, irin wanda ke fitowa bayan ɗakinmu ba wanda ya shuka. Jar miyar da aka zuba a kai ce ta sa ni hawaye da majina. Hajiya ta yi ta dariya, ta ce ita ma shekararta ta farko da ruwa ta ƙoshi. Ina ci wata maƙwabciyarta Bayarabiya ta shigo da 'yarta, yarinyar ta zube gwiwa biyu a ƙasa ta gaishe ta. Su komai yana da gaisuwarsa, zama da tsayuwa da dawowa daga kasuwa, duk da "eku" suke farawa. Na ɗauka mu ne masu doguwar gaisuwa, ashe muna da abokan yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata. Su ke da shaguna, su ke kiran mai saye, su ke faɗa da direba a tsakiyar titi, ba wadda ta sunkuyar da kai.

Bayan la'asar na ce mata Inna ta aiko da tsaraba, tana cikin bakko, na shiga yin wanka. Da na fito na tarar da ita a tsakar gida. Ɗayar jakar ta buɗe. Ambulan uku a yage a gefenta, tana riƙe da takalmin Kawu na farkon damina da yatsa biyu.

"Ɗiyata, mi nike gani haka?"

"Na Yaya ne, Hajiya. Makaranta za a kai mata."

"Makaranta? Haka?" Ta ci gaba da yage sauran tana jera takalman. "Yayarki tana cikin manyan mutane, a kai mata wagga ƙazanta su ce haka mutanen Zamfara suke? Bari in ɗauraye su."

"Hajiya, a bar su."

Haka na faɗa, a hankali, kaina a ƙasa. Ku da kanku kun san yadda wannan maganar take a wajenmu. In an ce za a ƙara maka tuwo ka ce a bar shi, a ƙara. In babba ya ce zai ɗaukar maka kaya ka ce a bar shi, ya ɗauka. Kalmar da aka koya mini ta ladabi ita na yi amfani da ita, ita kuma ta ji ta yadda aka saba jin ta.

"Kunya ta, irin ta ɗiyan malamai," in ji ta. "Ni ma haka nike da ina yarinya. Zamna ki huta. Baƙo ba ya wanki gidana."

Na ce, "Yaya ta ce…" sai ta riga ta juya ta nufi rijiya da bokiti.

Ba zan ce ban sami lokaci ba. Sai da ta ja guga huɗu. Ta nemi garin sabulu ba ta gani ba ta shiga ɗaki ta fito. Takalman suna nan a jere gabana, taku uku tsakanina da su. Da na kwashe su na rungume kamar yadda na yi wa kwandasta, da shi ke nan. Amma matar nan ta ba ni gadonta, ta yi kuka da jin sunan mutanen garinsu, yanzu kuma ta naɗe hannun riga za ta yi mini hidima. Na rasa ta inda zan ce mata hidimarta ɓarna ce. Ina tsaye ina shirya maganar a zuciyata, ina sauya mata kalmomi don kada ta yi kaifi, har ta zuba su duka a baho.

Da buroshi ta bi su ɗaya-ɗaya, har cikin ramukan tafin. Tana yi tana ba ni labarin ranar aurenta. Ruwan bahon ya yi baƙi, ta tuntsurar da shi, na ga lakar Dakko da yashin Dosara da ta fadamarmu sun haɗu sun bi kwata sun fita waje. Wata 'yar tsakuwa mai ƙyalli ta tsaya a bakin kwatar, ruwa na biyu ya tafi da ita.

Kawu ya dawo kafin magariba ya ga takalma goma sha takwas a jere kan katanga suna sheƙi. Ya tsaya. Ya san komai, don uku daga ciki ƙafarsa ce ta taka su. Ya gaida Hajiya, ya yi mata godiya, sannan ya yafito ni zuwa soro.

"Ba ki hana ta ba?"

"Na ce a bar su."

Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Ji nan, Ma'u. Kar mu kunyata Hajiya, kar mu tada hankalin Rukayya. Laka ai laka ta. Akwai ta nan bayan gida."

Na ce muku ku riƙe maganar jar ƙasa. Na san ba za ta yi ba. Tun a tasha na sani. Amma Kawu babba ne, kuma tsoron fuskar Yaya ya fi ƙarfina. Ya kwashi takalman ya zaga baya ya dangwala su a laka, muka jera su a soro suka kwana. Da safe ni ce na mayar da kowanne cikin ambulansa, don ni na san wanda igiyarsa ta tsinke da wanda diddigensa ya cinye. Kawu ya sayo gam muka manne inda aka yage.

Jami'arsu gari ce guda, har da motocin haya a ciki. Yaya ta tare mu a bakin ginin da farar riga a kan doguwar rigarta. Ta rame, amma da ta gan ni ta rungume ni tana dariya, ta ce na yi tsawo. Kawu ya ce shi zai jira a waje.

A ɗakin gwaje-gwajen ta gabatar da ni ga abokan karatunta. Na ɗauka duk matasa ne, ashe yawancinsu ma'aikata ne da suka dawo ƙarin ilimi. Akwai wani ɗan sanda mai furfura, suna ce masa Sufeto, shi zanen yatsa yake nazari. Ya sa na dafa kofin gilashi, ya barbaɗa wani baƙin gari da ɗan buroshi mai laushi, sai ga yatsuna sun fito ɓaro-ɓaro. Wani yana gwada ƙwayoyi da magungunan jabu, zai koma hukumar da ta turo shi. Wata daga asibiti take, aikinta jini da gano dangantaka. Sai Anti Bola, mai yawan dariya, wadda ke nazarin rubutun hannu da takardun jabu, tana son aiki da kotu ko banki. Ta ce mini duk cikinsu ƙarshen aikinsu ɗaya ne, wata rana a kira ka gaban alƙali ka rantse ka faɗi abin da ka gani, lauya yana neman inda zai kama ka. Yaya ta raɗa mini cewa akwai wani ɗakin bincike da ya ce ta kawo takardar kammalawa in ta samu, ba su da mai aikin ƙasa.

Na ji ina son wurin. Komai da lamba, komai da mazauninsa, ba mai ɗaga murya. Wuri ne da ake biyan mutum don ya lura da ƙananan abubuwa. Da a wata rana ce da na ce na ga aikin da zan yi.

Yaya ta ɗauko wani fom. Ta ce kowane abu da ya shigo ɗakin nan yana da irinsa, ana rubuta duk hannun da ya bi. A ƙasa an rubuta cewa mai kawowa ya tabbatar ba wanda ya buɗe ko ya taɓa kayan tun da aka rufe su. Ta ba ni biro. Anti Bola ta leƙo tana wasa ta ce in yi a hankali, mai tsoro biro yana tona shi.

Na sa hannu.

Yaya ta sa safar hannu ta ɗauki ambulan na ɗaya. Ta juya shi ta ga gam. Ta taɓa gindinsa inda danshi ya ɓata takardar. Ta yanka bakin da almakashi, ta zaro takalmin, ta ɗora a farar takarda. A ƙarƙashin fitilar nan jan ya fi na tasha. Ta kai shi kusa da hancinta, na san ƙamshin sabulu ta ji. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, ba ta buɗe na huɗu ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kankare 'yar ƙasa ta sa a gilashi, ta ɗauko wata daga kwalbar da aka rubuta wa Dakko ta sa a wani, ta jera su a maikiroskof, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Da Hausa ta yi magana, don kada sauran su ji.

"Zo ki duba, Ma'u. Ke ce mai ido."

Na duba. Ta Dakko ƙanana ce, baƙi-baƙi, a dunƙule. Ɗayar kamar garin bulo. Hawayena ya ɗiga a kan ƙarfen na'urar. Nan na faɗa mata komai, daga bakko biyu har gam.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ɗaga ambulan ɗin da ta ciro takalmin farko daga ciki ta zazzage shi a takarda. Ɓurɓushin baƙar laka ya zubo, haɗe da ja.

"Kin ga wannan? Wata huɗu suna ciki, ga jijjigar hanya, lakar da ta zube a gindin kowane ambulan ba kaɗan ba ce. Da kin kawo mini su haka, ki ce Yaya an wanke takalma, da wataƙila ta ishe ni in roƙi a karɓa. Yanzu an gauraya." Ta ajiye shi. "Wankin Hajiya bai kashe aikin nan ba. Abin da aka yi bayansa ne."

Malamar da ke duba aikinta ta shigo, wata 'yar tsohuwa gajeriya mai tabarau. Yaya ta miƙe ta faɗa mata gaskiya da Turanci, ba ta rage komai ba sai sunan Kawu. Malamar ta ɗauki fom ɗin ta ja layi ɗaya a kan sa hannuna, ba ta goge ba. Ta ce a aikinsu ba a gogewa. Ta ba ni biro ta ce in rubuta abin da ya faru a ƙasa da hannuna, in sake sa hannu. Na rubuta layi bakwai. Ta karanta ta ce wannan takardar yanzu ta fi ta ɗazu daraja. Sannan ta juya ga Yaya ta ce ba za ta iya gabatar da aikin ba tare da gwajin ƙarshe ba, kuma na farkon damina da na tsakiya ba su samuwa sai wata daminar.

Kwana biyu na ƙara a ɗakin Yaya. Ta zaga da ni, ta nuna mini ɗakin karatu mai hawa-hawa, ta saya mini soyayyar ayaba. Ba ta sake tada maganar ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na lura ta cire wata takarda da ta manna a bango, wadda take soke kwanaki a jiki, ta ninke ta sa a ƙarƙashin littattafai.

Da muka je sallama Hajiya Ige ta cika mini jaka da goro da man ja, ta ce a kai wa Inna. Ta tambaya ko Rukayya ta ji daɗin takalman. Na ce ta gode. Har yau ba ta sani ba, kuma ina roƙonku kada maganar ta kai Bakura.

A tasha Yaya ta ja ni gefe ta gyara mini hijabi. Ta ce, "Kada ki faɗa wa Baba. Zan ce aikin ne bai kammala ba. In lokaci ya cika zan dawo, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Cinyata ba kaya, na rasa inda zan sa hannuwana. Kawu bai yi raha da kowa ba. Sai da muka haye gadar Jabba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni na ɓata, Ma'u. Ban san ƙasa tana da suna ba." Na so in ce masa ni na sani, shi ya sa laifina ya fi nasa. Wannan ma ban faɗa ba.

Na yi kwana shida a gida ina ƙirga abin da na yi. Na yi shiru gaban Hajiya, na yi shiru gaban Kawu, na sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne. Yanzu kuma Yaya ta ba ni wani shirun kyauta, wanda zai sa 'yan'uwan Baba su ce dama sun faɗa, ita ce ta kasa.

Tun da nake ban taɓa fara yi wa Baba magana ba, sai dai ya tambaya in amsa. Ranar Alhamis ɗalibansa ba sa zuwa karatu, bayan la'asar na leƙa zaure na gan shi shi kaɗai a kan buzu yana duba littafi. Na cire takalmina na ajiye kusa da nasa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya jira in tashi. Ban tashi ba. Ya rufe littafin ya sa yatsa a inda ya tsaya.

Na faɗa masa duka, har da cewa Yaya ta hana ni faɗa. Amsarsa ba ta fito ba har yau da nake rubutun nan, don Baba ba ya amsa magana ranar da aka yi ta. Amma ga abin da na ƙare da shi, kuma wannan karon da ƙarfi na faɗa yadda ba za a ɗauke shi kunya ba.

"Baba, ba Yaya ce ta kasa ba, ni ce. Na san ka faɗi shekara biyu a gaban mutane. Ina roƙonka ka ƙara mata damina ɗaya. In ruwan farko ya sauka kuma, ka bar ni in koma Dakko. Ni zan sake tara mata, ni zan kai."